Furanni Bakwai na Mama Randi

Jiya, tsakiyar bazara, wajen ƙarfe tara na dare na sauka daga bas a Handsworth, nan Birmingham, rana tana nan a kan rufin gidaje ba ta da niyyar tafiya. Ina tafe da ledar cefane sai na ga wani ɗan farin fure ya leƙo daga tsagin katangar wani coci. Wallahi ban san sa'ad da na ajiye ledar na tsuguna na tsinke shi ba. Na daɗe a tsugune mutane na ratse ni suna wucewa, ni kuwa tuni na koma Manchester, na koma wani azumi da muka yi a tsakiyar bazarar ƙasar nan kimanin shekara goma da suka wuce, ni da wata tsohuwa da ake kira Randi.

Yanzu azumi ya zagayo ya faɗa cikin sanyi, yini gajere, kafin cikinka ya gane me ake ciki an kira magariba. 'Yan'uwanmu da suka zo karatu kwanan nan, in ina ba su labarin wancan azumin, gani suke gishiri nake ƙarawa. Ba ƙari ko kaɗan. Biyu da 'yan mintuna muke sahur, ba ma shan ruwa sai tara da rabi ta gota. Ka yi la'asar, ka kwanta, ka tashi, ka yi wanki, ka sake kwanciya, ka leƙa taga, rana tana nan inda ka bar ta. Ba irin zafin Malumfashi ba ne da zai gasa ka a wuce wurin. Haske ne kawai, fari, mai taushi, wanda ba ya ƙarewa, har kanka ya yi sakayau ka riƙa jin kamar cikin barci kake tafiya.

A Moss Side muke zaune lokacin, cikin jerin gidajen nan na jan bulo da bango ɗaya ke raba ka da maƙwabci, in ya yi tari ka ji. Maigidana, Malam Habu, yana karatun digiri na uku a kan ƙasar noma, ni kuwa ina sharar ofisoshi da asuba. Shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu ne. Kullum sai ka ji an rufe wani abu. An rage wa laburare kwanaki, an ɗauke bas ɗin da ke bi ta bayanmu, an rufe zauren da tsofaffin unguwa ke taruwa su sha shayi su yi hira. Mu kanmu sai dab da rufe kanti Malam yake zuwa cefane, lokacin da ake manna wa burodi da kaji 'yar takardar ragi mai ruwan ɗorawa. Shinkafa da wake kuwa mun ci su a azumin nan har na daina bambance jiya da yau.

Bayan bangonmu na hagu akwai Mama Randi. 'Yar ƙasar Norway ce, doguwa, ta rame, gashinta fari fat, shekarunta sun haura tamanin. Tana budurwa ta bar ƙauyensu na bakin teku ta biyo wani ma'aikacin jirgin ruwa ɗan Jamaica mai suna Desmond, suka zauna a gidan nan fiye da shekara hamsin har ya rasu. Da zauren tsofaffi yana nan, mota ke zuwa ta ɗauke ta sau uku a mako. Da aka rufe sai ta koma zaman taga. Council, wato ƙaramar hukuma, suna turo mata carer mai duba ta safe da yamma, amma minti goma sha biyar aka yanka wa kowace zuwa, baiwar Allah ko rigar ruwanta ba ta cirewa. Ba laifinta ba ne, gida nawa ne a gabanta. Wata rana na ji ana buga bango a hankali, ƙwas, ƙwas. Na zaga na tarar da tsohuwa zaune gaban kwanon abincin da ta kasa buɗe murfinsa tun safe. Daga ranar na karɓi mabuɗinta ɗaya. Mama nake ce mata, don bakina ba zai iya kiran sunan sa'ar kakata gatsau ba. Ita kuwa Zuwaira ya gagare ta, Suvaira take cewa.

Mantuwa ta riga ta fara cin ta. Ta sa tabarau a firji, ta nemi makullin da ke hannunta. Likitanta ya ce ba za ta ƙara wani sanyin ita kaɗai a gidan ba. Ɗanta Erik, wanda ke aiki a Birmingham, ya samo mata wuri a wani care home, gidan kula da tsofaffi, kusa da shi, aka sa ƙarshen watan Yuni za a zo a ɗauke ta. Kada a zagi Erik, mutumin kirki ne, gajiya ce kawai a fuskarsa kullum. Ita ma ba ta yi gardama ba. Na zaci ta haƙura ne, ashe wani abu ne daban yake cin ta.

Wata azahar ina naɗe mata kofuna cikin tsohuwar jarida, ta miƙo mini hoton da ke kan rediyo. Namiji ne cikin kwat, baki a tsuke, yana kallon mai ɗauka kamar an kira shi kotu.

"Suvaira, wane ne wannan?"

"Haba Mama, mijinki ne, Desmond."

"Na sani," ta ce. "An rubuta a baya. Amma ban san shi ba." Ta jawo akwatin hotuna ta zube su kan cinya. Duk shi ne, duk baki a rufe. "Ina jin muryarsa. Na san hannunsa, na san ƙamshin rigarsa in ya shigo daga ruwa. In na ɗaga ido in dubi fuskar, babu komai a wurin. Na ɓatar da ita a wani wuri cikin gidan nan. In suka tafi da ni ban same ta ba, to na bar shi a nan ke nan."

 Na koma naɗin kofi, hawaye na ɗiga kan jarida.

A irin yammacin nan mai tsawo, ni ba ƙarfi ita ba wurin zuwa, take ba ni labarin garinsu. Abin mamaki, na can ba ta manta ko ɗaya ba. Ta ce daren ashirin da uku ga Yuni ba a kwana da wuri a ƙasarsu. Sankthans suke kiransa, wai don tunawa da haihuwar Yahaya. Na ce Yahaya ɗan Zakariyya? Ai mun san shi, Mama, yana cikin Littafinmu. Ta ji daɗi kamar na ce na san wani ɗan ƙauyensu. Tun saura mako samari ke tara itace a bakin ruwa, da tsofaffin gangunan kwalta, da kwale-kwalen da ya gama aiki, su yi tsibi ya fi ɗaki tsawo. A yi wa ƙofofi ado da ɗanyen ganye. A ɗauki 'yar yarinya a sa mata kambi a ce amarya ce, a haɗa ta da ango sa'anta, a zaga gari da su mai goge na gaba, manya na dariya. A dama wani kunu mai kauri na kirim mai tsami. Idan rana ta sunkuya, don can ba ta faɗuwa sosai, sai a cinna wuta. Can sai ka ga ta wani ƙauye ta amsa daga tsallaken ruwa, ta gaba da ita ma ta amsa, har iya ganinka. Tsofaffi kuma su ce raɓar daren magani ce, a shafa a ido.

Sai na 'yan mata. Budurwa za ta fita ta tsinko fure kala bakwai, ba ta yi wa kowa magana tun daga na farko har ta sa su ƙarƙashin matashin kai. In ta cika haka, wai wanda za ta aura zai zo mata a mafarki.

"Na yi sau ɗaya, ina 'yar sha bakwai," in ji ta. "Na ga wani baƙin mutum a kan jirgi yana dariya. Ban taɓa ganin baƙin mutum ba a lokacin. Na gaya wa yayata, ta ce kunu ne ya yi mini yawa." Ta kama hannuna. "Ina so in sake. Ƙafa ba ni da ita, yatsun nan ba sa tsinka. Ke ce hannuna, don haka ke ma ba magana."

Na kwana da abin a raina. Ni Musulma ce, ga azumi a bakina, ba na son abin da zai ja ni ga camfi. Da sahur na gaya wa Malam. Ya ajiye cokali ya ce, "Ke kin yarda fure ne ke kawo mafarki?" Na ce a'a, mafarki na Allah ne. Ya ce, "To ki tura maƙwabciyarki ki tsinko mata fure, haƙƙin maƙwabtaka ne. Abu ɗaya nake tausaya miki."

Na ce me?

"Shirun. Ke da kike gaida direban bas har ki tambayi iyalansa."

Na harare shi, na ce zai sha mamaki.

Ranar ta zo da ruwa, irin yayyafin Manchester da ba ya jiƙa ka lokaci ɗaya sai dai ya bi ka a hankali. Da na dawo daga shara na ɗora zoɓon shan ruwa da citta da kanumfari. Innata ce ta aiko mini da shi ta hannun wani ɗalibi, na yi ta tattalinsa, ranar saura 'yan ƙwayoyi suka rage a gindin leda. Bayan azahar na shiga wurin Mama muka hau kunu. Ta sa na juye kirim mai tsami a tukunya ya tafasa a hankali, na barbaɗa fulawa ina tuƙawa. "Tuƙa, kada ki tsaya," take cewa daga kujerarta. Na ce Mama, tuƙi kike koya wa wadda ta tashi a gindin tukunyar tuwo? Can sai ga mai ya fara tsattsafowa, rawaya, yana taruwa a gefe yadda man gyaɗa ke fita in ana tuƙin ƙuli. Na kwashe shi a kofi, na ƙara fulawa da madara mai zafi da ɗan gishiri. Ƙamshi ya cika ɗakin, ga shi ƙarfe uku ne kacal. Cikina ya yi wata ƙara da har ita mai nauyin kunne ta ji, ta ce in gaya masa ya yi haƙuri. Ita ta ɗanɗana gishirin, ta lumshe ido, ta ce ya kusa na mamarta.

Malam kuwa yana tsakar gidanta na baya, ɗan wurin da bai fi tabarma huɗu ba, da rabin durom da ya aro. Erik ya riga ya ce duk abin da ba za a tafi da shi ba zubarwa za a yi. Sai Malam ya farfasa wata karyayyiyar kujera da ƙyauren tsohon kabad ya jera a ciki. Ya ce ga kwale-kwalen Moss Side nan.

Wajen bakwai ruwa ya ɗauke. Na lulluɓe Mama da bargo a kujerarta mai taya, ta ɗora yatsa a leɓe, ni ma na ɗora, muka fita. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai ranar: tun da council suka rage turo masu yankan ciyawa, gefen titi da lungunan bayan gidaje duk sun koma daji. Inda nake wucewa kullum ina tsaki ashe fure ne fal. Rana ta fito tana dukan jiƙaƙƙen kwalta, tururi na tashi, komai na ƙyalli. Ita ta nuna da yatsa, ni in tsuguna in tsinka in ɗora mata a cinya. Wani rawaya mai sheƙi. Wani fari mai ƙwayar ido rawaya. Wani shuɗi ƙanƙane a gindin kwandon shara. Wani ja mai laushi da ya kusa zubewa a hannuna. Wani mai ƙaya da kai ruwan hoda. A kan wata katangar gidan da ba kowa, wardin daji guda ɗaya tal ya buɗe, sai da na yi ɗage na kai gare shi. Shida ke nan. Ga yunwa, ga shiru, ga hasken nan, na ji kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ban taɓa jin unguwar ta yi kyau haka ba.

Muna shan kwana sai ga Hajiya Yalwa. Mahaifiyar wata 'yar'uwarmu ce mai karatun likitanci, ta zo daga Zariya yi mata wankan jego, ta fito miƙe ƙafa kafin magariba. Ta nufo mu.

"A'a, Zuwaira ce? Sannu, ya ibada?"

Na durƙusa har ƙasa, na dafa ƙirji, na yi mata murmushi iya faɗin bakina.

"Ke, lafiya? Haƙori ne?"

Na girgiza kai.

"To Malam ne ya ɓata miki?"

Na sake girgizawa, gumi na keto mini.

"Ikon Allah. Yau ga 'yar Malumfashi ta zama Baturiya, ana gaishe ta tana kaɗa kai." Ta gyara mayafi ta tsaya sosai a gabana. "To bari mu gani. Assalamu alaikum."

"Wa alaikumus salam," ya kuɓuce mini. Kuma da bakin ya buɗe bai tsaya nan ba. Ina wuni Hajiya, ya mai jego, ya jariri, ya baƙunta, ya aka ji da mutanen Zariya, duk sai da na jero su kafin na tuna abin da na yi. Na juya na dubi Mama, kunya kamar in nutse. Kafaɗunta ne ke rawa. Dariya take, har da hawaye. Ta tattara furannin shida ta miƙa wa Hajiya, ta ce waɗannan sun ji magana, sun tashi daga aiki.

"Me zan yi da ciyawa?" in ji Hajiya, amma ta karɓa.

Na kwashe labarin duka na gaya mata. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta dubi tsohuwar ta ce, "Fuskar mijinta take nema? Allah sarki. Ni ma na fi shekara ban ga Alhaji a mafarki ba." Ta ɗaure furannin a gefen mayafi. "Ku sake. Ni zan shiga gaba. Duk wanda ya yi sallama ni zan amsa, ai in mutum ɗaya ya amsa ya ɗauke wa sauran."

Haka muka sake zagaye, takwas ta gota. Hajiya a gaba tana taku ɗaiɗai, ni ina tura kujera, Mama na nuni. Muka gamu da wasu Somaliyawa za su masallaci, Hajiya ta amsa musu. Muka gamu da wani ɗalibi ɗan Katsina da ya taho da fara'arsa zai gaishe ni, Hajiya ta tare shi: "Kai, wuce, suna cikin aiki." Rawaya, fari, shuɗi, ja, mai ƙaya. Muka sami wani ƙaramin fari mai dunƙulallen kai cikin ciyawar filin wasa, shida. Muka koma katangar wardi, babu, ni na tsinke guda ɗayan da ke akwai. Muka bi lungu biyu, uku, duk irin waɗanda muke da su ne. Inuwar gidaje ta rufe titi. Na ga kan Mama ya fara sunkuyawa don gajiya, hannunta ya yi sanyi, dole na juya da ita gida.

A ɗakinta ta baje su kan bargo ta ƙirga da yatsa. Ta sake ƙirgawa. Ta ɗaga mini yatsu shida, fuskarta ta faɗa. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi ya fi mini sauƙi. Ni na jawo, da bakina da ba ya rufuwa, kuma babu wata shekarar da za a ce a sake. Na tsaya kamar an dasa ni. Sai na tuna da ledar da ke kan teburin girkina.

Na fita da gudu, na wuce Malam yana tambayata me ya faru ban kula shi ba, na zazzage gindin ledar na zaɓi ƙwayar zoɓo ɗaya da ba ta karye ba. Na dawo na sa mata a tafin hannu. Busasshiya ce, ta yi baƙi-baƙi, ta ƙanƙance. Ta juya ta, ta kai hanci, ta dube ni da tambaya. Na haɗa yatsuna na buɗe su a hankali, ina nuna mata cewa fure ne, a gonar Babana na gan shi yana buɗewa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗaga yatsa na bakwai. Na ɗaga matashin, ta jera su da hannunta, na mayar.

"To," ta ce da ƙarfi, "yanzu yi magana kafin ki fashe."

Da Malam ya ji abin da na sa, ya ce a ilmance wannan ba fure ba ne, kwanson fure ne. Na ce ya riƙe ilminsa zuwa jami'a.

Muka fito da ita tsakar gida, Malam ya cinna wuta. Itacen kabad ya kama da ƙara, tartsatsi na tashi sama, samaniya kuwa ba ta yi duhu ba, ta tsaya shuɗiya-shuɗiya da ɗan ja a gefe. Can ƙasan layi wani yana gasa nama, hayaƙinsa ya taso ta kan katangu. Mama ta nuna shi ta ce, "Ga su can, sun amsa." Ba wanda ya gyara mata. Wayar Malam ta kira salla, muka sha ruwa da dabino, muka yi magariba a kan kwali a gefen durom, Mama na rera wani abu ƙasa-ƙasa da harshensu. Sannan aka zuba kunu, aka kwarara man nan a kai da sukari da kirfa. Hajiya ta kai cokali ɗaya ta ce wannan ai talge ne ya je makaranta, ta miƙo kwano a ƙara mata.

Na zuba wa Mama zoɓo a kofin gilashi. Ta kurɓa, sai ta tsaya cak da kofin a leɓe.

"Sorrel," ta ce. Ta sake kurɓa. "Wannan nasu Desmond ne. Duk Kirsimeti shi yake dafa shi da kansa, a tukunyar nan ta ƙasan kabad, da citta, ba ya barin kowa ya taɓa. Gidan nan duka sai ya ɗauki ƙamshi." Na ce Mama, shi ne na bakwai ɗin da kika sa a matashi. Ta rufe ido ta daɗe.  Da ta buɗe na tambaye ta da ido, ta girgiza kai. Bai zo ba. Ta ce in kai ta ta kwanta tun ƙamshin yana bakinta.

Washegari na yi sharar ofis ban san me nake sharewa ba. Takwas da rabi na sa mabuɗi a ƙofarta. Na same ta zaune a gado, taga a buɗe. Damshin gashinta ya jiƙa zoɓon, ya rina rigar matashin da ja, har da gefen farin gashinta.

"Suvaira, zo." Ta ɗora yatsa a kan haƙoranta na gaba. "Wushirya gare shi. A nan, babba. Shi ya sa ba ya buɗe baki in za a ɗauki hoto, kunya yake ji. Yana tsaye a ɗakin girki yana juya tukunya, na kira shi, ya waiwayo ya yi dariya. Shi ne. Duka fuskar ta dawo."

Na zauna bakin gado ina kuka ina dariya. Na ce Mama, a wurinmu ai wushirya kyau ce, har waƙa ake yi wa mai ita.

"Shekara hamsin ina gaya masa haka," in ji ta.

Bayan kwana shida Erik ya zo da mota. Ya ɗauki rigar matashin zai jefa cikin shara, ta riƙe gefenta ta ce da ita za ta tafi. Hotunan kuwa ta ce ya ajiye a wurinsa.

Da Malam ya gama karatu aiki ya kawo mu Birmingham, shekara biyu bayan nan. Makon farko na nemi care home ɗin, na dafa zoɓo na zuba a gora na tafi. Erik ya gargaɗe ni a waya cewa ba ta gane kowa, har shi, kuma Turancin ma ya tafi, sai harshen ƙauyensu. Haka na same ta, ta ƙanƙance cikin kujera, tana kallon bango. Na durƙusa na gaishe ta gaisuwa cikakkiya, ina wuni Mama, ya jiki, ya baƙunta, ta dube ni kamar yadda ake duban mai gyaran famfo. Na kai kofin bakinta. Ta kurɓa sau ɗaya, sau biyu. Sai hannunta ya tashi a hankali, ta ɗora yatsa a kan haƙoranta na gaba, ta dubi wani wuri ta bayan kafaɗata, ta yi dariya. A sanyin shekarar ta rasu.

Jiya da na iso gida da ɗan furen nan a hannu, Malam ya buɗe ƙofa ya yi mini sannu da zuwa. Ban amsa ba. Ya dubi furen, ya dube ni, ya karɓi ledar cefanen ya shiga ɗakin girki ya ɗora tukunyar zoɓo.